Ai-Na-Sani da Babur ɗin Surukinsa

Tsakanin shagon tela da rumfar mai shayi akwai wani teburi mai ƙafa uku da rabi, wanda aka cike rabin da bulo. A kansa ake baje gilasan ido, da kwaɗuna, da 'yan tociloli. Mai teburin kuwa an daɗe da manta sunansa na gaskiya. Ai-Na-Sani ake kiransa, domin ba a taɓa kai ƙarshen magana a gabansa ba. Ko cewa ka yi, "Jiya na yi wani mafarki," zai tare ka da, "Ai na sani."

Shi a ganinsa injiniya ne wanda ƙaddara ta zaunar a bakin teburi. Hujjarsa ita ce wata fanka da ya taɓa gyara wa matarsa, wadda tun daga ranar take juyawa da baya, tana zuƙe 'yar iskar da ke ɗakin. Ya ce haka fankokin ƙasashen da suka ci gaba suke.

Wata ranar hutu ya raka matar gaida mahaifinta. Tsohon, wanda kowa ke kira Baba, ya yi ritaya ne daga aikin duba mitocin ruwa, kuma duk tsawon aikin a kan babur guda ya yi shi: wani baƙi mai faffaɗan tanki, wanda kamfanin da ya ƙera shi ma ya daɗe da rufewa. Yanzu babur ɗin na jingine a ƙarƙashin rumfa, an lulluɓe shi da tsohon bargo, kaza na saka ƙwai a kan kariyar ɗaukar kayansa.

Baba ya daɗe yana kallonsa, sannan ya ce, "Tsofaffin ma'aikatanmu za su yi taro ƙarshen watan gobe. Da ma a ce a kansa zan je. Duk a kansa suka san ni."

Babban ɗansa, wanda matar Ai-Na-Sani ke kira Yaya, ya ce, "Ai abu ne mai sauƙi, Baba. Sai in kira bakanike."

"Bakanike!" Ai-Na-Sani ya dire kofin shayinsa. "Yaya, bakaniken yanzu ai ɗan sauya kaya ne kawai. Wannan babur ba a kai shi hannun yara. Wannan sai wanda ke jin yaren ƙarfe."

"Kai kana ji?"

"Da shi na fara magana kafin in iya Hausa. Baba, ka ba ni shi. Ranar taron nan ni zan ɗauke ka da kaina, in sauke ka a bakin ƙofa, abokanka su miƙe tsaye."

Matarsa ta yi tari irin na gargaɗi. Bai ji ba.

Baba ya ce, "To, Allah ya yi albarka. Abin da ke damunsa dai ba wani abu ba ne, kawai..."

"Ai na sani, Baba."

Har yau babu wanda ya ji abin da tsohon ya so faɗa.

Da yamma mutanen layi suka ga Ai-Na-Sani ya shigo yana tura babur, gumi ya jiƙe masa riga, matarsa na biye da kwandon ƙwai. Gidansu na ƙarshen layin, amma sai da ya tsaya a gaban kowane shago ya yi bayani. Tela ya leƙo da almakashi a hannu.

"Maƙwabci, gawar wa aka ɗauko?"

"Ka adana bakinka. Nan da 'yan kwanaki za ka roƙe ni in ɗana ka, in ce ka je ka yi wanka tukuna."

A falo ya kafa gareji. Ya naɗe kafet, ya tura kujeru jikin bango, ya karɓi babbar robar wankin matarsa don zuba notuna. Kayan aikinsa sifana guda, da filaya, da guduma, da wuƙar kicin da ta koma sukundireba. Duk abin da ya ƙi kwancewa da sifana, guduma ke lallashinsa.

Abu na farko da ya ciro shi ne kafireta, wadda ke haɗa wa inji mai da iska. Ya ɗaga ta a hasken taga, ya shinshina, ya girgiza kai.

"Jabu ce. Shekara da shekaru ana cutar Baba."

Matar ta ce, "Da ita fa ya zo daga kamfani."

"To a kamfanin aka fara cutar."

Ya fita tsakar gida ya wurga ta bayan katanga, wani ɗan lungu da babu mai bi sai awaki. Salansa, wato bututun hayaƙi, ta bi bayanta, sannan fitila. Kafin mako ya zagayo babur ɗin ya koma ƙashi, cikinsa na baje a falo, baƙin mai ya yi taswira a siminti. Duk baƙon da ya zo, a tsaye yake gaisawa ya tafi.

Sai neman kaya. Ai-Na-Sani ya shiga kasuwar 'yan kayan gyara da ƙirjinsa a gaba. A shagon farko aka ce ba a taɓa jin sunan babur ɗin ba. A na biyu mai shagon ya kira maƙwabcinsa don su yi dariyar tare. A na uku wani dattijo ya ce rabonsa da ganin irinsa tun yana da baƙin gashi, kuma ya yi masa ta'aziyya. Ya dawo gida ya shaida wa matarsa cewa kasuwar gaba ɗaya jahilai ne.

Washegari ya shiga shagon Tela yana murmushi.

"Maƙwabci, ara mini kafiretar janaretanka."

"In ara maka mene ne?"

"Na yini guda. Gwaji zan yi. Inji ai duk inji ne, sunaye ne kawai suka bambanta."

"In wuta ta ɗauke fa?"

"Ai na sani. Ba za ta ɗauke ba."

Kafiretar janareta ta ƙi shiga mazaunin ta babur. Ya goge gefenta da dutse, ta ƙi. Ya naɗa mata roba, ta ƙi. Ya kira guduma, ta shiga a karkace. Ya zuba fetur ta wata 'yar kwalba, ya taka kik, sannan ya duƙa ya kai fuska kusa don ya ji abin da ƙarfen ke faɗa. Ƙarfen ya faɗi abin da zai faɗa da harshen wuta. Matar ta fito daga kicin da bokitin ruwa ta juye masa, shi da labule baki ɗaya.

Tun daga ranar Ai-Na-Sani ya fara sa baƙin gilashi daga cikin hajarsa, domin girarsa duka biyu sun tafi. Ya ce wa mai shayi injiniyoyi da gangan suke cire gira saboda tana tare gani. Ya mayar wa Tela kafiretarsa a cikin leda, ta yi baƙi, ta ɗan canja kama. Da yammar ranar wuta ta ɗauke. Tela ya koma taka keken ɗinki da ƙafa kamar zamanin kakansa, kuma duk takun da zai yi sai ya ɗago ya kalli teburin gilasai.

Ana cikin haka wani ya yi masa kwatancen wani ɗan shago a can ƙuryar kasuwa, bayan masu walda. Mai shagon siriri ne, mai sanyin murya, ana ce masa Ɗan Sito, domin ko allura ka tambaya sai ya ce bari ya duba sito. Ai-Na-Sani ya zauna a benci ya siffanta masa kafiretar da yake nema, da faɗinta, da bakinta, da 'yar kunnen da ke gefenta. Ɗan Sito ya saurara. Ya kalli Ai-Na-Sani, ya sunkuya ya kalli wani buhu da ke ƙarƙashin kanta, ya sake kallon Ai-Na-Sani.

"Yallaɓai, irin wannan sai dai daga ƙetare."

"Ai na sani."

"Amma ka yi sa'a, ina da jirgin ruwa a hanya. Ka dawo jibi."

Jibi na yi, ga kafireta a cikin kwali, tana sheƙi da ruwan azurfa, tana ƙanshin sabon fenti. Ai-Na-Sani bai ko taya ba, sai dai ya yi wa Ɗan Sito lacca a kan yadda ake gane kayan asali. Ya kawo ta gida, ya ɗora, ta zauna daram, notunan suka shige kamar suna jiranta.

Ya kira matarsa, ya kira Tela, ya kira mai shayi.

"Ku kalla. Ko guduma ban taɓa ba. Wannan shi ake kira kayan asali. Ku tuna da waccan jabun da na jefar."

Tela ya ce, "Kamarsu ɗaya."

"A idon tela."

Bayan kwana biyu Ɗan Sito da kansa ya kira shi a waya, ya ce jirgi ya sauke salansa da fitila, ko yana da buƙata? Ai-Na-Sani ya riƙe baki. Bai ko faɗa wa mutumin yana neman su ba. Ya ce wa matarsa, "Kin ga ɗan kasuwa mai hangen nesa. Irinmu ba mu da yawa."

Ta juya salansar a hannunta, ta shafa wata lotsawa da ke gefenta.

"Baban yara, kamar na san salansar nan. Ta Baba ma a daidai nan ta lotsa, ranar da Yaya ya faɗi da shi."

"A kamfani ake yi musu wannan lotsawar, don hayaƙi ya sami wurin juyawa."

"To. Ni dai Allah ya yi wa ɗan gwangwan nan mai tsintar tsoffin ƙarafa albarka. Kullum ina hango shi ta tagar kicin yana share mana lungun nan. Duk tarkacen da kake jefarwa ba ya kwana."

"Ki bar shi ya kwashe. Talaka ne, bai san jabu ba."

Matsalar sabon kaya ita ce yana tona asirin tsoho. Da kafireta da salansa suka zauna suna ƙyalli, sai sarƙa ta zama abin kunya. Ya jefar da ita bayan katanga. Bayan kwana biyu jirgi ya kawo sarƙa. Madigadi ya bi, jirgi ya kawo madigadi. Madubi, oda, kariya, har da murfin inji, duk wanda ya tsallake katanga da safe, ɗan'uwansa na asali na isowa daga ƙetare cikin kwana biyu, wani lokacin fentin bai gama bushewa ba. Ɗan Sito ya ce raɓar teku ce.

Wata rana oda, wato hon ɗin babur, ta iso da wata 'yar jar waya ɗaure a gindinta, ɗaurin da ya yi kama da wanda Ai-Na-Sani ya yi wa tsohuwar kafin ya yanke mata hukunci. Ya daɗe yana kallon ɗaurin. Daga nan ya fita da ita har rumfar mai shayi.

"Jama'a, ku zo ku gani. Mutanen ƙetare ma irin ɗaurina suke yi."

Babur na ƙiba, teburi na ramewa. Tociloli suka fara tafiya a araha, kwaɗuna suka bi su, gilasai suka ragu har ana iya ganin katakon teburin. A gida kuwa cefane ya koma sai an yi tuni. Matar ta tare shi a bakin ƙofa wata safiya.

"Baban yara, babur ɗin nan shi kaɗai ne abin da Baba ke taƙama da shi. Tun rasuwar Inna ban ga ya sa rai a kan wani abu ba sai taron nan. Jiya ya sa an wanke masa tsohuwar hular aikinsa. In ka san ba zai yiwu ba, ka faɗa tun yanzu Yaya ya..."

"Ai na sani. Saura tanki da sirdi da 'yan ƙananan abubuwa."

Ran nan ya tattara abin da ya rage na tsohon kaya, tanki da sirdi da wasu 'yan sanduna da wayoyi da bai tsaya tantance aikinsu ba, ya tsallakar da su katanga gaba ɗaya. Ya kaɗe hannu ya jira kiran waya.

Jibi ta zo ta wuce, shiru. Gata ma shiru. Ya tafi kasuwa da kansa, ya tarar da Ɗan Sito zaune ya yi tagumi, gwangwanin fenti a rufe a gefensa.

"Ina kayana?"

"Yallaɓai, jirgi ya tsaya a tsakiyar teku."

"Lafiya?"

"Direban ne ba lafiya. Zazzaɓi."

"Babu mataimaki?"

"Shi kaɗai yake turawa. Tuƙawa, nake nufi."

Ai-Na-Sani ya dawo gida ransa a ɓace, ya tarar da matarsa ita ma tana mita.

"Lungun nan ya cika da tarkacenka, awaki har sun fara kwana a kan sirdin. An ce ɗan gwangwan na kwance, zazzaɓi ya kayar da shi."

Ai-Na-Sani ya girgiza kai cikin tausayi. "Zazzaɓin bana bai bar kowa ba. Har teku ya kai."

"Tun da naka bai iso ba, me zai hana ka ɗauko tankin Baba ka mayar? Ga shi can a kwance."

"In haɗa jabu da kayan asali? Ki daina faɗin haka a gaban babur."

Ranar taro ta zo, jirgi bai motsa ba. Tun da safe Ai-Na-Sani ya turo babur ɗin ƙofar gida, ya lulluɓe shi da zanen gado, ya bi shago-shago yana gayyata. Mutane suka fito, domin kyauta ne. Mai shayi ya kawo benci. Tela ya zo da tef a wuya, ya ce ko za a buƙaci awo. Can sai ga motar Yaya. Baba ya fito a hankali, sanye da hular aikinsa wadda ta sha guga, takalmansa na ƙyalli, fuskarsa kamar ta yaron da za a kai kallo.

Ai-Na-Sani ya gyara baƙin gilashinsa ya yi jawabi. Ya yi magana a kan jahilcin bakanikai, da ha'incin kamfanoni, da wahalar da ke cikin hulɗa da ƙetare. Da ya ga mai shayi ya fara hamma, sai ya fizge zanen.

Babur ɗin na sheƙi ta ko'ina. A inda tanki ya kamata ya zauna, an ɗaure wani farin galan da igiyar shanya. A mazaunin sirdi kuwa matashin kai ne mai furanni.

Baba ya zagaya shi sau ɗaya.

"Ina tankin?"

"Yana teku, Baba."

"Sirdin fa?"

"Jirgi ɗaya suka hau."

Daidai nan aka ji ƙiiƙii na tayar kura daga bakin lungu. Wani mutum ya ɓullo yana tura kurar tsoffin ƙarafa, ya rame, idanunsa sun faɗa, alamar bai daɗe da tashi daga ciwo ba. A saman kayan, faffaɗan baƙin tanki ne zaune, sirdi a gefensa da gashin akuya a jiki. Ganin taro, sai ya tsaya ya yi sallama.

Baba ya nuna da sandarsa. "Wancan tankina ne."

Ɗan gwangwan ya rusuna. "Baba, a bayan katangar nan na tsinta. Nan nake tsinta kullum. Mai gidan nan mutumin kirki ne, ban taɓa ganinsa ba, amma kaya masu kyau yake zubarwa. Ku yi haƙuri, sauri nake, Ɗan Sito na ta aike tun ina kwance."

Tela ya matso. "Wa ka ce?"

"Ɗan Sito, na bayan masu walda. Shi nake kai wa. Ya ce duk abin da na samu a lungun nan kar in kai wa kowa sai shi. Wankewa yake da kananzir, ya shafa fenti, ya sa a kwali. Wai yana da wani mai saye, wani bawan Allah mai baƙin gilashi, ba ya tayi, sai dai ya biya kuma ya yi maka lacca. Ya ce tun da ya buɗe shago bai taɓa samun..."

Ya ɗago ya ga baƙin gilashi. Ya ga babur. Ya ga jar wayar da ke gindin oda. Ya haɗiye sauran maganar.

Tela ne ya fara magana, cikin ladabi, yana duban ɗan gwangwan.

"Sannu da jiki, direba. Ya teku?"

Dariya ta fashe. Mai shayi ya zauna a ƙasa. Yaya ya juya baya yana riƙe da motarsa, kafaɗunsa na rawa. Matar ta rufe fuska da gefen mayafi, ba a san ko dariya take ko kuka ba. Baba kaɗai ne bai yi dariya ba, hularsa kawai ya gyara.

Ai-Na-Sani ya ɗaga hannu. "Ai na sani! Tsari ne. Wanki nake kai su. Duk injiniya ya san ƙarfe na buƙatar ya canja iska."

Tela ya ce, "Wanki ya yi kyau. Har teburi ya wanke."

"Za ku gani yanzu."

Ya fizgo tanki da sirdi daga kura, ya kwance galan, ya jefar da matashin. Tanki ya zauna daram, sirdi ma haka. Ya juye fetur ɗin galan a ciki, ya haɗa wasu wayoyi biyu da suka maye gurbin makulli, ya hau, ya taka kik. Shiru. Ya sake. Babur ya yi tari. Ya taka har gilashinsa ya zamo kan hanci, kowa ya ga inda gira take a da. A wani taku da ya haɗa da addu'a, injin ya kama.

Wata murya ce mai kauri, dum-dum-dum, irin wadda ba a jin ta a baburan yanzu. Dariya ta tsaya. Baba ya runtse ido, leɓensa na motsi.

"Muryarsa ce," ya ce a hankali. "Wallahi muryarsa ce."

Ya ɗaga ƙafa zai hau baya, 'yarsa ta riƙe masa hannun riga.

"Baba, bari ya fara gwadawa shi kaɗai."

"Gwaji na masu shakka ne," in ji Ai-Na-Sani, "amma saboda mata, bari in je bakin layi in dawo."

Ya sa giya, ya murɗa totur, babur ya zabura kamar an tsikare shi. Iska ta cika masa riga. A madubi ya hango jama'a na ɗaga hannu suna ihu, ɗan gwangwan na ɗaga wasu sanduna da wayoyi sama, Baba na nuna su da sanda. Ya ji daɗi ƙwarai. Ya saki hannu ɗaya ya ɗaga musu shi ma.

A bakin layi ya taka birkin ƙafa. Ƙafarsa ta tafi har ƙasa ba ta gamu da kowa ba. Ya matse na hannu, ya ji shi sakwaf kamar hannun mara lafiya. Ya saki totur, totur ya ƙi komawa, domin fentin ƙetare ya riƙe shi. Dole ya karya kwana, ya bi bayan layi, ya ratsa tsakanin shanyar wata mata, ya fito da ɗan kamfai a kafaɗa, ya sake ɓullowa ta gaban gidansa.

"Ku matsa!"

Tela ya yi masa ihu, "Birkin na nan a kura!"

"Ai na..." Sauran ta tafi da iska.

Da ya sake zagayowa, taron ya koma kan barandar shaguna, mai shayi ya ɗauke butarsa. Baba ya sa hannu a baki. "Kashe makulli!"

"Babu makulli!"

A zagaye na gaba Yaya ya bi shi da gudu 'yan taku. "Raba wayoyin!"

"Wutarsu na ja na!"

Karnukan bayan layi suka shiga sahu. Wata mata ta leƙo ta taga tana neman kamfan ɗanta. Da ya sake ɓullowa, fuskarsa ta canja launi, bakinsa na karanto duk abin da ya haddace. Baba ya tako har tsakiyar hanya.

"Rufe mai! Ƙarƙashin tanki, hannun hagu!"

Wannan karon bai ce ya sani ba. Ya sunkuya yana lalube a ƙarƙashin tanki, ya kuwa samu, ya murɗa. Sai dai mai sunkuye ba ya ganin gabansa. Babur ya bar hanya, ya nufi teburi mai ƙafa uku da rabi kamar an aike shi. Teburi ya tashi sama, sauran gilasai suka watsu kamar tsuntsaye, babur ya kwanta a gefe ya yi dum-dum biyu ya yi shiru. Ai-Na-Sani kuwa ya ci gaba da tafiya shi kaɗai, har sai da tarin yashin da ke gaban wani sabon gini ya karɓe shi.

Aka ruga. Matar ce ta fara isa, ta durƙusa tana kakkaɓe masa yashi a fuska.

"Baban yara! Kana ji na?"

Ya buɗe ido ɗaya. "Kun ga gudu? A faɗa wa Baba, ko yana sabo bai taɓa irin wannan gudun ba."

"Da ransa," ta ce wa jama'a, ta miƙe.

Baba ya wuce wurin babur. Ya duba tanki, ya shafa salansa, ya tattaro sandunan birki daga kura ya miƙa wa ɗansa.

"Gobe ka kira bakanike. A gidana za a yi aikin, ƙofa a kulle." Ya juyo ya dubi surukinsa da ke kwance. "Kai kuma, na ji muryarsa, na gode. Kar ka ƙara taɓa shi."

"Baba, in bakaniken ya zo a turo shi wurina in nuna masa..."

"Allah ya ba ka lafiya," in ji Baba. Ya shiga mota, Yaya ya ja, domin taro ya kusa farawa.

Da aka zo ɗaga Ai-Na-Sani sai aka tarar ƙafar dama ta ƙi taka ƙasa. Mota ta tafi, asibitin unguwa kuwa na can gangaren titi. Aka dubi juna, aka dubi kura. Ɗan gwangwan ya sauke ƙarafansa, aka shimfiɗa matashin nan mai furanni, Tela da mai shayi suka kama, aka ɗora shi.

Ɗan gwangwan ya tambayi matar, "Uwar gida, shi ma wurin Ɗan Sito zan kai?"

"Asibiti. In ka kai shi can fenti za a shafa masa a dawo mini da shi."

Kura ta kama hanya, matar na gefe, rabin layi na biye. Tayar hagu na ta ƙiiƙii. Ai-Na-Sani ya kasa kunne, ya ɗago kai daga matashin, ya leƙa ƙasa.

"Malam, tayar nan taka jabu ce. Tsaya in duba maka ita."

Ɗan gwangwan ya ƙara sauri.